Motar iyali a zamanin tsadar fetur: wacce za ta kare rai, ta ɗauke kowa, ba tare da ta cinye albashi ba?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, hirar sayen mota ta sauya salo. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuɗin fiton kwastam ya bi ta, farashin tokunbo ya bi su duka. Magidancin da a da tambayarsa ɗaya ce, "za ta ɗauke mu?", yanzu tambayoyinsa uku ne: za ta ɗauke mu, za ta kare mu idan tsautsayi ya gitta, kuma nawa za ta riƙa sha? Wasu kuma sun ƙara ta huɗu, ta hayaƙi, ko don sun ji ana maganar sauyin yanayi, ko don akwai yaro mai asma a gidan.

Matsalar ita ce waɗannan buƙatu suna jan juna. Mota mai faɗi tana da nauyi, nauyi kuwa mai yake sha. Mota mai kayan kariya na zamani sabuwa ce, sabuwa kuwa kuɗi ce. Wanda kuɗinsa ke da iyaka dole ya san wanne zai sa a gaba, kuma a nan ne yawancin masu saye suke kuskure, don suna auna mota da suna da girma da ƙyallin fenti, alhali shekarar ƙira da lafiyar gangar jiki su ne suke yanke hukunci.

Me ake nufi da mota mai kariya?

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane: motocin da ƙarfe ne, na yanzu gwangwani. Za a kawo maka misalin Fijo 504 ko tsohuwar Marsandi da ta daki wata motar ba ta ko lotsa ba. Gaskiyar lamarin akasin haka ne. Idan mota ta yi karo, ƙarfin dukan dole ya sami inda zai tafi. Injiniyoyi suna ƙera gaban mota da bayanta su lanƙwashe daki-daki don su shanye dukan, su kuma ƙarfafa ɗakin da mutane suke zaune da ƙarfe mai tauri don kada ya rufta. Motar da ba ta lotsa ba, jikin mutanen ciki ne ya shanye abin da ƙarfen ya ƙi shanyewa. Wadda gabanta ya yi raga-raga amma ƙofofinta suka buɗe lafiya, ita ce ta yi aikinta.

Ana gwada wannan, ba da baki ake faɗa ba. Euro NCAP a Turai tun 1997 take fasa motoci tana ba su taurari, a Amurka kuma akwai hukumar gwamnati ta NHTSA da cibiyar kamfanonin inshora ta IIHS. Sakamakonsu yana intanet kyauta, ka rubuta sunan mota da shekararta ka gani. Sai dai a kula da abu biyu. Tauraro biyar na 2003 ba daidai yake da tauraro biyar na 2015 ba, don kullum ana tsananta gwajin. Misali a 2012 IIHS ta fara gwajin da ake dukan kusurwar gaban mota kaɗai, irin karon da ake yi idan mota biyu sun goga juna a hanya mai layi ɗaya, wato irin haɗarin da muka fi sani a hanyoyinmu. Manyan motoci da dama sun faɗi. A gwajin motocin iyali na 2014, Honda Odyssey ta fito da kyau, Toyota Sienna ta 2015 ta sami matsakaicin sakamako, Nissan Quest da Dodge Grand Caravan kuwa suka yi warwas. Abu na biyu, suna ɗaya ba mota ɗaya ba ne. Global NCAP, da ta fara gwada motocin kasuwar Afirka a 2017, ta ba sabuwar Nissan NP300 da ake sayarwa a Afirka ta Kudu sifiri a 2018. Sabuwa fil a leda ba hujja ba ce.

Sannan akwai kayan da ke hana haɗarin aukuwa tun farko. ABS shi ne ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, direba ya ci gaba da iya juya sitiyari. Wanda ya fi shi muhimmanci, kuma dillalai ba su cika ambatonsa ba, shi ne ESC. Toyota na kiransa VSC, Honda VSA, motocin Jamus ESP. Na'ura ce da ke lura da inda direba ya nufa da inda motar take tafiya a zahiri. Idan suka saɓa, kamar lokacin da aka kauce wa akuya ko ɗan acaɓa a guje, sai ta taka birkin taya ɗaya tak ta dawo da motar kan layi kafin direban ma ya gane ta fara zamewa. Binciken IIHS ya nuna tana rage haɗarin mutuwa na mota ita kaɗai da kusan rabi, kuma amfaninta ya fi yawa a dogayen motoci masu saurin wuntsilawa. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Turai daga ƙarshen 2014. Kafin nan sai an duba: Odyssey da CR-V suna da ita tun 2005, Accord duka tun 2008, Corolla da Camry sai 2010 ta zama a kowace. Gane ta ba wuya. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, za ka ga hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta ya kama sannan ya mutu.

A nan ne batun "jif ta fi tsaro" yake rushewa. Tsohuwar jif ta farkon shekarun 2000 marar ESC, an cika ta da mutane, an ɗaure kaya a samanta, ta fi ƙaramar mota ta 2012 haɗari a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, don nauyinta yana sama, taya ɗaya ta fashe sai ta kifa.

Tarihin motar ya fi sunanta

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ne idan motar tana nan yadda aka ƙera ta. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Da yawa daga cikin na Amurka ana sayo su ne a gwanjon Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. A kawo ta Legas, mai gyaran jiki ya buga, mai fenti ya fesa, ta fito tana sheƙi.

Ba kowace mai haɗari ce abar gudu ba. Wadda aka daka a bamba ko ƙofa, an sauya da wata, babu laifi, har ma sauƙin farashi ne. Abar gudu ita ce wadda shasinta ya lanƙwashe aka ja shi da sarƙa aka gasa da wuta, don ƙarfen da aka taɓa lanƙwasawa aka miƙar ba zai sake shanye duka yadda aka tsara ba. Sai wadda jakunkunan iskarta suka fashe aka cusa tsumma a gurbinsu aka ɗinke fatar. Sai kuma wadda ambaliya ta shanye. Bayan guguwar Harvey a 2017 da ta Ian a 2022, dubban motoci sun kwana cikin ruwa, wasunsu kuma sun tsallako teku. Irin wannan za ta yi wata shida lafiya, daga nan wayoyi su fara tsatsa daga ciki, yau gilas ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, mai lantarkin mota ya zama ɗan gida.

Matakan bincike ba su da yawa, amma kowanne yana da dalili. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ginshiƙin ƙofa. Su zo ɗaya da juna da ta takarda. Idan motar Amurka ce, a saka lambar a Carfax ko AutoCheck a ga tarihinta da milejin da ta baro can da shi, sau da yawa ma rubuta lambar a Google kaɗai yana fito da hotunanta na wurin gwanjo kafin a gyara. Fitilar jakar iska ta kama idan an murɗa makulli, ta yi kamar daƙiƙa shida, ta mutu ita kaɗai. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwan. Idan ta mutu daidai lokacin da fitilar baƙin mai ta mutu bayan tayar da inji, akwai yiwuwar haɗa wayoyinsu aka yi don a rufe ido. A ja kowane bel da sauri a ga ya kulle, don bel ɗin da ya taɓa aiki a haɗari yakan saki ko ya maƙale. A ɗaga kafet, a leƙa ramin safaya da ƙarƙashin kujeru a nemi busasshen taɓo da tsatsa a kan ƙusoshi. A ɗora motar a rami ko a ɗaga ta, a bi ƙarafan shasi biyu na gaba da fitila ana neman alamar walda. A ƙarshe a jona na'urar karanta kwamfutar mota, wadda duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta ƙarƙashin sitiyari. Ba lambobin matsala kaɗai za a duba ba. Na'urar tana nuna ko an goge su kwanan nan, kuma motar da aka goge wa ƙwaƙwalwa da safiyar ranar ciniki tana ɓoye wani abu.

Bakaniken da zai yi wannan aiki ya zama naka, kai ka biya shi. Wanda dillali ya kawo, la'adarsa tana cikin cinikin.

Akwai kuma batun jakunkunan iska na kamfanin Takata, da aka janye kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai. Sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima, sai jakar ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba. Motocin Honda da Toyota na shekarun 2000 da muke yawan hawa suna ciki, kuma wadda ta baro Amurka kafin a sauya mata tana nan da tsohuwar, a ƙasar da zafinta ya fi na can. Shafin NHTSA yana nuna ko an yi gyaran idan ka saka lambar shasi.

Faɗi: kujera nawa, kuma kilo nawa?

Yawan kujeru yana ruɗi. Toyota Highlander ta 2008 zuwa 2013 ana kiranta mai mutum bakwai, amma layinta na uku na yara ne, kuma idan aka ɗaga shi abin da ya rage na but bai kai lita 300 ba, akwati biyu sun cika shi. Sienna kuwa tana da fiye da lita 1,000 a bayan layi na uku, babba yana zama a can ba tare da gwiwarsa ta taɓa haɓarsa ba, ga ƙofa mai zamewa da yaro ba zai banka wa mai babur ba. In dai ɗaukar mutane ne, irin su Sienna da Odyssey sun fi jif mai kuɗinsu ɗaya nesa ba kusa ba. Inda jif ta fi su shi ne tsayi daga ƙasa, kamar santimita 20 a kan 17, wanda yake da muhimmanci ga mai shiga ƙauye da damina.

Kowace mota tana da takarda a ginshiƙin ƙofar direba da ke faɗin nauyin da za ta iya ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Na Corolla da Camry yana wajen kilo 400. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350, buhun shinkafa ɗaya ya cike sauran. Duk abin da aka ƙara bayan nan, birki ne zai ƙara nisa kafin ya tsaya, taya ce za ta ƙara zafi.

Ƙa'idar da ba ta da sassauci ita ce kowane rai da bel ɗinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kujerar jarirai kuma da kusan kashi 70 cikin ɗari. Yaro mai kilo 10 a cinyar uwarsa, idan aka yi karo a gudun kilomita 50, nauyinsa yana komawa kamar buhun shinkafa shida, babu hannun da zai riƙe shi. A duba ƙugiyoyin ƙarfe biyu da ke lungun kujerar baya, waɗanda Turawa ke kira ISOFIX, Amurkawa LATCH. Motocin Amurka daga ƙarshen 2002 duk suna da su. A duba ko kujerar tsakiya tana da bel mai ratsa kafaɗa ko na ƙugu ne kawai, a kuma duba ko jakar iska ta gefe ta kai layi na uku. Yaran da ba su kai shekara 12 ba wurinsu baya.

Tambayar da ya kamata magidanci ya yi wa kansa ita ce mutum nawa suke shiga motar a ranar Talata, ba ranar hawan Sallah ba. Mai 'ya'ya biyu da ya sayi mota mai silinda shida saboda tafiyar gida sau biyu a shekara, zai yi kwana 360 yana ciyar da kujerun da babu kowa a kai. Mai 'ya'ya biyar kuwa da ya matse su a Corolla don tsimin mai, da lafiyarsu yake tsimin. Tsakanin biyun akwai motocin da ake raina wa: Toyota Matrix da tagwaininta Pontiac Vibe, Avensis mai dogon baya, Corolla Verso mai kujeru bakwai da injin 1.8, CR-V da RAV4.

Hayaƙi iri biyu ne

Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Na farko iskar da ke ɗumama duniya, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma lissafinta a miƙe yake: kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3, dizal kusan 2.7. Babu na'urar da ke tace ta, hanyar rage ta kawai ita ce rage shan mai. Wannan ya sa aljihu da muhalli suka zama a layi ɗaya.

A ɗauki mai tafiyar kilomita 1,200 a wata, a kuma ƙaddara lita naira 900 don lissafi. Sienna mai shan kamar lita 12 a kilomita 100 za ta ci lita 144, naira 129,600. Corolla mai shan 8 za ta ci lita 96, naira 86,400. Camry mai haɗin inji da batir, mai shan 6, lita 72, naira 64,800. A shekara guda, Sienna ta fitar da kusan tan huɗu na wannan iska, Camry tan biyu. A cunkoson Kano ko Abuja da na'urar sanyi a kunne, alƙaluman biyun farko za su haura. Amma idan Sienna tana ɗauke da mutum bakwai, rabon kowane kai ya yi ƙasa da na Corolla mai mutum uku.

Na biyu shi ne hayaƙin da ke shiga huhu yana sa tari da ciwon kai. Wannan ana tace shi, kuma matatar ita ce abin nan da ke cikin salansa da kanikawa ke kira indomi saboda kamannin cikinsa. An shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake farautarsa. Wata motar tun a tashar jirgin ruwa ake fafe shi, wata a gareji za a ce maka ya toshe ne, a cire a sayar a bayan idonka. Motar da ba ta da shi takan yi ƙara, hayaƙinta ya yi yaji, ta kunna fitilar inji da lambar P0420. Idan kuma aka taɓa na'urar da ke auna iskar salansa, kwamfuta ta rasa ma'auni ta riƙa zuba mai fiye da kima.

Ɗan'uwan wannan ɓarna shi ne cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, da hujjar wai na ƙasar sanyi ne, tare da haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye. An tsara inji ya yi aiki a zafin wajen digiri 90. Idan bai kai ba, kwamfuta tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya tsinke, indomi ya mutu da wuri. Motar da ke zafi lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa, ko fankar kanta. Su za a gyara. Tsohuwar mota mai cikakken indomi da tamostat da matatar iska mai tsabta ta fi sabuwar da aka yi wa fashi tsabtar hayaƙi. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince da matakin tsabtar hayaƙi na Turai mai suna Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su, da kuma man da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 50 cikin miliyan ba, amma babu mai leƙa salansar motarka a layi, sai kai.

Haɗin batir, iskar gas, dizal da lantarki

Mota mai haɗin inji da batir, irin su Prius da Camry da Highlander na wannan tsari, ba a yi mata caji. Tana tara wuta ne daga birki da inji, kuma a cunkoso take nuna bajinta don injin yana mutuwa idan an tsaya. Prius v ta 2012 zuwa 2017 tana da but mai faɗi, ta Turai mai suna Prius+ kujeru bakwai gare ta. Rauninta babban batir ne. Zafi maƙiyinsa ne, kuma fankar da ke sanyaya shi tana zuƙar iska daga gefen kujerar baya, inda ƙurar hunturu da zaren kafet suke toshe ta. A riƙa wanke fankar ko sau ɗaya a shekara, kada a toshe ramin da kaya. Motar da ta shekara goma sha biyu da batirinta na asali, a saye ta da sanin cewa sauya shi yana tafe. Lambar P0A80 ita ce sammacinsa. Sauya ƙwaya ɗaya ko biyu da tsofaffi faci ne na 'yan watanni. Kafin ka saya, ka tabbata akwai mai gyaranta a garinku, don batirin yana ɗauke da wutar da ta wuce bolt 200, ba wurin koyon aiki ba ne.

Iskar gas ta CNG, da gwamnatin tarayya ta fara turawa tun 2023, ta fi fetur arha ƙwarai, hayaƙinta ya fi tsabta, iskar ɗumama duniya kuma tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ga motar iyali tana da tsada iri biyu da ba a faɗa. Tukunyar ƙarfe mai lita 65 ta kai nauyin mutum guda, tana cinye rabin but ɗin Corolla, a Sienna kuma takan zauna a ramin da layi na uku yake naɗewa. Cikinta ɗaya ba ya wuce tafiyar kilomita 150 zuwa 200, gidajen sayar da ita kuma a Arewa ba su yawaita ba. Gas ɗin yana matse ne a ma'aunin matsi na "bar" 200, ninki da yawa na tukunyar girki, don haka tukunyar da mai walda ya haɗa bam ce. Fashewar da aka yi a wani gidan gas a birnin Benin na Jihar Edo a watan Oktoban 2024 daga irin wannan tukunya ta fito. A je cibiyar da aka amince da ita, a karɓi takardar tukunyar mai ɗauke da ranar gwajinta.

Dizal na Turai yana da tsimi a doguwar hanya, amma na bayan 2009 yana da matatar toka da ke toshewa da gajerun tafiye-tafiye da gurɓataccen mai, gyaran famfonsa kuma ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Mota mai lantarki zalla ta dace da mai sola mai ƙarfi a gida da zirga-zirgar cikin gari. Ga mai mota ɗaya da ke zuwa ƙauye, lokacinta bai yi ba.

Laifin da kowace ta saba yi

Sienna ta 2004 zuwa 2006 mai injin 3.3 bel ne ke juya mata inji, ana sauya shi wajen kowace kilomita 145,000. Daga 2007 injin 3.5 sarƙa gare shi, amma na shekarun farko suna da wani bututun baƙin mai na roba da ke fashewa ya zubar da man cikin mintuna, a tabbatar an sauya shi da na ƙarfe. Mai jan taya huɗu ba ta zuwa da safaya. Wayar ƙofa mai buɗe kanta tana tsinkewa, mai buɗewa da hannu ta fi kwanciyar hankali. Odyssey ta 1999 zuwa 2004 ta yi ƙaurin suna wajen lalacewar giya. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4, wadda ake kira Masul, da yawanta suna shan baƙin mai, a duba sandar awo da bakin salansa. Nissan masu nau'in giyar otomatik da ake kira CVT ba sa son zafi da lodi. Sharan da Golf 3 da suka cika tashoshinmu ƙirar shekarun 1990 ce; kayan gyaransu suna ko'ina, kariyarsu kuwa ta zamaninsu ce.

Yadda za a raba kuɗin

Kada kuɗin hannu ya ƙare a wurin dillali. A ware kamar kashi 15 cikin ɗari don abin da zai biyo baya: baƙin mai irin wanda aka rubuta a murfin inji, man giya na ainihi, ruwan lagireto mai sinadari a maimakon na rijiya, takalman birki, inshora, wadda mafi ƙaranci ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, da kujerar yaro. Sai tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da harufan DOT. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tokunbo takan zo da tayoyin da suka tsufa ko na ƙanƙara masu laushin roba, waɗanda kwaltar watan Afrilu take cinyewa. Sababbin tayoyi huɗu masu matsakaicin suna sun fi allon talabijin da kujerun fata amfani, kuma iskar da za a ba su ita ce ta takardar ginshiƙin ƙofa, ba 50 ɗin da mai faci ya saba bugawa ba.

Takardun kwastam a tantance su a ofishin kwastam kafin a biya. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, 'yan Kwatano da yawa sun shigo ta bayan fage da takardun bogi, kuma wanda aka kama motar a hannunsa shi ke asara.

Idan kuɗin bai kai tokunbo mai lafiya ba, ta hannu da aka san mai ita, aka san bakanikensa, ta fi tokunbo mai arhar da ba a san dalilinta ba. Idan kuma zaɓi ya tsaya tsakanin jif ta 2005 mai kujerun fata da Corolla ko Matrix ta 2011 marar ado a kuɗi ɗaya, kuma iyalin ba su wuce biyar ba, a ɗauki ta 2011. Gidan da ya kai mutum bakwai ko takwas ya nemi Sienna daga 2008 ko Odyssey daga 2005 mai jan tayar gaba, ya karɓi shan manta a matsayin kuɗin kujerun, ya rage shi da gyara na gaskiya da tsayawa a gudun kilomita 100 a babbar hanya.